Jirgin da Ya Nutse a Bayan Ɗakin Girki

Sufeto Waisale bai gama kurɓar shayinsa ba sai ga tsoho Epeli ya faɗo ofishin 'yan sandan Levuka yana haki.

"Yallaɓai, an kashe ni! An sace na'urar neman agaji daga jirgina!"

Duk garin nan mun san yadda Epeli ya wahala kafin ya haɗa wa ɗan jirginsa mai tafiya da iska rediyo da rigunan ceto, sannan wannan na'ura. In babu ita, jami'in tasha ba zai bar shi ya fita teku ba. Ga shi gobe za a ɗaura auren jikarsa a tsibirin Gau.

A jirgin, Sufeto ya tarar da kwaɗon akwatin da ake ajiye na'urar lafiya lau.

"Ina kake ajiye mabuɗi?"

"Ƙarƙashin ƙoƙon kwakwa. Daga matata sai Sakiusa, ɗan ƙanwata, su kaɗai suka sani."

Matar tana can Gau wajen girkin biki. Sakiusa kuwa, wani ƙaton masunci, yana zaune a ƙofar gidansa lokacin da Sufeto ya iso ya yi masa maganar na'urar.

"Ni? Yallaɓai, tun safe ina gonar rogo."

"Yashin teku ake shukawa a gonar taka?" Sufeto ya nuna ƙafafunsa.

Sakiusa na shirin ƙara wata ƙaryar, wayar Sufeto ta yi ƙara. Daga ofishin ceto ne na Suva, babban birni.

"Sufeto, jirgin wani Epeli na nutsewa! Sai dai taswira ta nuna mana kan tudu ne."

Sufeto ya danne dariya, ya zagaya bayan ɗakin girkin Sakiusa, ya ɗaga murfin duron ruwan sama. Ga na'urar nan tana ƙyafta wuta abinta. Gogan bai san da ta ji ruwa take kiran duniya ba.

"Ni na ɗauka," in ji Sakiusa, kai a ƙasa. "Matata ce ta rantse ba zan ƙara fita kamun kifi ba sai da irinta."

Epeli, da ke biye da Sufeto, ya rungume na'urar, ruwa na ɗiga a rigarsa, farin ciki kamar ya yi kuka.

"Kai dai sakarai ne! Ɗan ƙanwa ba ya sata a gidan kawunsa. Da ka buɗe baki ka ce kana so, al'ada ta hana ni in ce a'a."

Idon Sakiusa ya yi haske. "Af! To, Kawu, ai yanzu ma ina..."

Tsohon ya cusa na'urar a hammata, ya toshe kunnuwansa, ya zura da gudu zuwa tasha.

"Sufeto, tafi da shi kafin ya roƙa!"

Sufeto ya kama hannun Sakiusa. "Mu je ofis. In an gama biki ka ƙarasa maganarka."