Sauka Ka Duba Taya, Auta

Saura kamar awa ɗaya a kira magariba Yaya ya shigo rumfar jirage, ya same ni ina wanke baƙin mai daga hannuna. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyara masa jirginsa, ɗan ƙarami mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci. Shi ke tuƙi, ni ke kwanciya a ƙarƙashi da sifana. Tun rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe ni, shi ya kai ni koyon aikin, kuma bai taɓa daina kirana Auta ba duk da furfura ta fara leƙo min.

"Auta, ɗauko akwatin kayan aikinka," in ji shi. "Wani abokina ne injin jirginsa ya ƙi tashi a wani tsohon filin jirgi bayan duwatsu. Minti talatin ne. Mu je mu dawo."

"Yanzu, Yaya? Ba kai kake cewa jirginka ba jemage ba ne, ba ya yawon magariba?"

Bai yi dariya ba. Na ɗauka damuwar gida ce, don 'yarsa ɗaya tilo ta yi wata biyu a kwance, likitoci sun rasa gane abin da ke cin ta. Na duba mai, na zagaya jirgin kamar kullum, muka shiga.

Tun a kan titin tashin jirage na ji wani abu ba daidai ba. Na san jirgin nan kamar tafin hannuna. In mu biyu ne a ciki, kafin mu kai rabin titi ya ɗaga. Ranar sai da ya cinye titin kusan duka, wutsiyarsa na ja ƙasa, sannan ya tashi da ƙyar.

"Me ka loda a baya?" na tambaye shi ta na'urar kunne.

"Ba komai."

Na waiwaya. Kujerun baya biyu babu kowa, babu kaya. Amma katifunsu sun lotsa, yadda suke yi in manyan mutane sun zauna.

Na juyo na kalli gaba. Na ce wa kaina tsufa ne, sun sha zama.

Mai hasumiyar kula da jirage ya yi mana sallama, muka bar gari a bayanmu. Rana ta zama ja, tana nutsewa bayan duwatsu. Can sai wani wari ya fara cika jirgin. Ba man jirgi ba ne, ba waya ce ke ƙonewa ba, waɗannan hancina ya san su. Warin rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba ne, danshi da ruɓaɓɓen ganye.

Rediyo ya yi shuuu. Ya ɗauke. A cikin shirun na ji ana numfashi a kunnena, a hankali, kamar mutum ya manna bakinsa a makirufo.

"Kun taho?"

Muryar ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba. Yaya ya kai hannu da sauri ya murɗe rediyon.

"Abokin naka ne?"

"Shi ne."

Bai kalle ni ba.

Filin ya bayyana a ƙasa, wata doguwar kwalta da ta tsattsage, ciyawa ta cinye gefenta. Babu fitila, babu gini, babu mota. A can ƙarshe na hango gawar wani tsohon jirgi, ba fiffike, tsatsa ta cinye shi, bishiya ta tsiro ta cikin tagarsa.

"Yaya, wannan jirgin ya fi shekara talatin a nan. Ina abokin?"

"Yana zuwa."

Muka sauka. Tayoyi suka yi ƙara a kan tsakuwa. Yaya ya juya hancin jirgin ya fuskanci inda muka fito, ya tsaya, amma bai kashe injin ba. Yaya bai taɓa barin mutum ya fita farfela na juyawa ba. Ko ni sai ya yi min faɗa.

"Sauka ka duba tayar hagu, Auta. Na ji tana ja."

Na ce to. Abin da na saba ce masa ke nan tun ina yaro.

Na buɗe ƙofa na dira, na zagaya ta bayan wutsiya, na tsuguna a gefen hagu. Na dafa tayar. Iska cike. Na shafa birki. Lafiya lau.

Sai na ji ƙarar ƙarfe a ɗaya gefen. Na leƙa ta ƙarƙashin jirgin, na ga akwatin kayan aikina yashe a kan kwalta. Ƙofa ta rufu. Ƙaras, sakata ta shiga.

Na miƙe na buga gilashinsa.

"Yaya?"

Hawaye na zuba a fuskarsa har gemu. Idonsa na kan titi. Ya tura hannun mai gaba, injin ya ɗau ruri.

A lokacin na gan su.

Daga cikin ciyawa suke fitowa, dogaye, sirara, sun fi fiffiken jirgin tsawo. Iskar farfela ta kwantar da ciyawa, tana neman tuɓe min riga, amma tufafinsu ko motsi ba sa yi. Ba na jin takunsu. Ɗaya ya tsuguna gaban akwatina, ya buɗe, yana shafa sifanu ɗaya bayan ɗaya da wasu yatsu masu gaɓa fiye da ƙima.

Wani ya yi magana daidai ƙeyata. Na ji sanyin numfashinsa.

"Sannu da zuwa, mai gyara."

Jirgin ya fara tafiya.

Na kira sunan Allah, muryata ba ta fito ba, ƙafafuna kamar an kafe su. Na sake kira. Ƙafafuna suka sake ni, na bi jirgin a guje. Akwai wata 'yar ƙofar kaya a bayan kujerun baya, marfinta ya saki tun bara, in ka naushe shi daga ƙasa yana buɗewa. Na kai masa naushi. Bai buɗe ba.

Na sake.

Ya buɗe. Na cusa kai da kafaɗu, ƙarfe na yankar haƙarƙarina, ƙafafuna na jan kwalta.

Aka kama idon sawuna.

Sanyi. Kamar an ɗaura min ƙanƙara.

Ana ja, ina ja. Na riƙe ƙafar kujera, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, rabi a daidai rabi a birkice. Na ji takalmina ya zare, fata ta bi shi. Jirgin ya ɗaga.

Na kwanta a wurin kaya ina haki, iska na kaɗa marfin. Dole in haura kujerun baya kafin in kai gaba. Na ɗora gwiwa.

A kan cinyar mutum na ɗora ta. Da ɗuminta.

Babu kowa a wurin.

Na yi ihu na faɗa kujerar gaba. Yaya ya juyo ya gan ni, jirgin ya karkata har sai da na kama sitiyarin da ke gabana na daidaita shi. Jini na ɗiga daga ƙafata.

"Me na yi maka, Yaya?"

Da ya fara magana, raɗa yake yi.

"Shekara uku da suka wuce injina ya mutu a saman wurin nan. Ban taɓa gaya maka ba. Da na mutu ranar, su suka sauke ni. Suka ce in kawo musu mutum ɗaya daga jinina, su ma suna da abin da suke so a tayar musu. Na ce to, don in tsira. Na yi ta ja musu rai. Sai suka fara zuwa ɗakin yarinyar nan. Jiya suka ce ko ita, ko kai."

"Shi ne ka ce in duba taya."

"Auta..."

"Da ka zaunar da ni ka faɗa min, Yaya. 'Yarka 'yata ce. Wallahi ban san abin da zan ce maka ba, amma da ka tambaye ni. Ko akuya za a kai kasuwa ana barin ta ta ga hanya."

Rediyon da ya kashe da hannunsa ya kunna kansa.

"Ɗaya ka ce."

Yaya ya runtse ido.

"Zan kawo," in ji shi.

Sai na ji kujerun baya sun yi ƙara, kamar an tashi daga kansu. Jirgin ya yi sama da kansa, sakayau. Warin ya tafi.

Da muka sauka a filinmu na fita da ƙafa ɗaya ba takalmi, ban waiwaye shi ba. Ya kira ni sau biyu. Washegari ya zo ƙofar gidana ya yi sallama har sau uku, ina zaune a ciki ina jin sa, na hana matata amsawa. Ya daɗe a tsaye kafin ya tafi.

A rana ta uku mai hasumiya ya kira ni. Ya ce Yaya ya tashi shi kaɗai daf da magariba, bai faɗi inda za shi ba. An yi sati ana nemansa ta sama da ta ƙasa. Na kwatanta musu filin, suka zagaya duwatsun kaf, ba su ga kwalta ba, ba su ga jirgi ba. A cikin satin yarinyar ta tashi zaune ta ce a ba ta abinci.

Na bar aikin jirage. Injin ban ruwa nake gyarawa yanzu, kuma ina rufe shago tun la'asar. Shatin yatsun nan yana idon sawuna har yau, wurin ba ya jin zafi, ba ya jin taɓi.

Yarinyar a gidana take, ta shiga sakandare bana. Wani lokaci takan zauna kusa da ni ta ce, "Baffa, ba ni labarin Babana. Wane irin mutum ne?"

Sai in ce mata matuƙi ne na gaske, kuma yana son ta fiye da kowa a duniya.

Duka biyun gaskiya ne. A nan nake tsayawa.