Dalmar Jirgin Ampa

Da hantsin Talata aka buga wa Sufeto Famara Sane waya daga garin Elinkin. Masunta sun tsamo gawar Ampa Diatta a bakin kogin Kasamans, inda ruwan daɗi ke karo da teku. Jirginsa mai tafiya da iska ya kife jiya, abokin tafiyarsa Malang ya tsira.

Sufeto ya ajiye wayar. Ya san Ampa. Shekara ashirin da biyar mutumin yana tuƙa wa Turawa jiragensu, sai bana ya sayi nasa na kansa, tsoho ne kam, amma nasa ne.

Ko da ya isa, an riga an rufe Malang a ofishin 'yan sanda, dangin mamaci sun cika ƙofa. Nyima, matar Ampa, ta tare shi.

"Yallaɓai, shi ne. Kowa ya ji su suna cacar baki a bakin ruwa kafin su tashi. Su biyu suka fita, ɗaya ya dawo."

A ciki, Malang na zaune a ƙasa, gishirin teku ya bushe a gashinsa.

"Kun yi faɗa?"

"Ba mu yi ba, Yallaɓai."

"Mata shida masu shanya kifi sun ce kun yi. Shidan duk ƙarya suke?"

Malang ya sunkuyar da kai. "Mun yi. Tsoro ne ya sa na musa. Ce masa na yi kada mu fita, jirgin nan ya canza hali. Iska kaɗan sai ya karkace. Shi kuwa murna yake. Ya ce tun da aka kankare masa ciki aka yi fenti, tsohuwa ta koma budurwa."

"Sai me?"

"Igiyar ruwa ɗaya ta buge mu a gefe. Jirgin ya kwanta, Yallaɓai. Muka jira ya tashi. Bai tashi ba."

Sufeto ba mutumin teku ba ne, amma ya san wanda zai tambaya. Mushe Legof, Bafaranshen da ya sayar wa Ampa jirgin, ciwon gwiwa ya zaunar da shi a garin Ziginshor. Sufeto ya same shi a ƙarƙashin mangwaro da sandarsa.

"Ƙarya yake!" in ji Legof. "Jirgin nan sau uku ya haye teku da ni. Ba shi da gudu, na yarda, injinsa ma sai an lallaɓa. Amma ya kwanta ya ƙi tashi? Sufeto, a ƙarƙashin cikinsa akwai ƙafa doguwa, tsawon mutum, an cika ta da dalma tan biyu. Ko doguwar sandar da ke tsaye a kansa ta taɓa ruwa, nauyin nan zai miƙar da shi. Don haka aka ƙera shi."

"An taɓa buɗe ƙafar?"

"Ko sau ɗaya."

"Na ga takardar cinikinku, ta ce a gyara tsaga. Tsagar ina?"

Baturen ya ja tsaki, ya shafa gwiwa. "To, na taɓa hawa dutse da shi kusa da tsibirin Karaban. 'Yar tsaga ce. Ampa ya kai wa tsohon nan Kekuta ya liƙe."

Maganar Legof ta ƙara ɗaure Malang. In jirgin ba ya kifewa, to hannu ne ya jefa Ampa a ruwa. Sufeto ya koma Elinkin ba daɗi a ransa.

An janyo jirgin, an kwashe ruwan cikinsa, yana ɗaure a gaɓa. Sufeto ya hau kwale-kwale ya zagaya shi sau biyu. A ƙarƙashin sabon fenti akwai zane siriri, inda ruwa ya ci jikin jirgin shekara da shekaru. Ya ɗora tafinsa. Zanen ya ɗara ruwa da yatsa huɗu, wato jirgin ya rage nauyi, ya taso sama.

Jirgi ba ya ramewa don kansa.

Da ruwa ya janye, jirgin ya jingina a kan yashi, Sufeto ya sa aka kawo injin huda. Aka huda saman ƙafar. Maimakon ɓarɓashin dalma, wani gari fari-fari ne ya zubo. Ya murza shi a yatsa. Siminti, yashi, da dakakken ɓawon kawa, ƙumbar nan ta teku.

Rabin garin nan da ɓawon kawa suke kwaɓa siminti. Amma mutum ɗaya ne jirgin ya yi wata guda a filinsa.

Kekuta Mane yana zaune a gindin rimi yana sassaƙa katako. Shekararsa saba'in, kuma da wuya ka ga kwale-kwale a wannan gaɓa da bai bi ta hannunsa ba. Shi ya wanke gawar Ampa da safen nan.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, ɗan Sane. Har yanzu kana tsoron ruwa kamar akuya?"

"Har gobe. Baba, ka buɗe ƙafar jirgin Ampa?"

"Tsaga na liƙe ta waje. Shi ke nan."

Sufeto ya dubi bayan rumfa. Sababbin komar kamun kifi guda biyar a rataye, gefensu jere da dalma mai sheƙi. Ga tukunyar narki a kan murhu, ga tulin ɓawon kawa.

"Dalma ta yi araha bana?"

Tsohon ya ci gaba da sassaƙa.

Sufeto ya ɗauki gwangwanin madara biyu. Ya cika ɗaya da yashi, ɗaya da 'ya'yan dalmar nan. Ya ɗora wa Kekuta ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Hannun hagu ya yi ƙasa.

"Ka san wannan, Baba. Ka fi ni sani."

"Na sani." Ya dubi hannunsa na hagu. "Na san ta fi nauyi. Ban san nauyin ne ransa ba."

"Faɗa min."

"Da na bi tsagar sai na ga dalma jere, sanda-sanda, kwance a duhu shekara arba'in ba ta aikin komai. 'Ya'yana kuwa da guntun bulo suke nitsar da koma. Na ce Bature ne da almubazzaranci. Mu nan buhun yashi muke jefawa a cikin kwale-kwale, teku ta yi tsanani mu ƙara, ta kwanta mu zubar. Shekara hamsin, ba wanda na ƙera wa jirgi ya kife. Na kwashe fiye da rabi, na cika ramin taf, na shafe. Har na yi alfahari da aikin."

"Da ka ga ya taso sama fa?"

"Na gani. Ampa ma ya gani, ya rungume ni, ya ce Kawu ka mayar min da ita yarinya." Ya ajiye gwangwanayen a hankali. "Da na yi magana ran nan, zagina kawai zai yi. Kunya ta hana ni. Ni na koya masa iyo, ɗan Sane. A nan, gaban wannan rimin."

"Kuma ka bar Malang a rufe."

"Na ce in an binne shi zan zo. An binne, ƙafata ta ƙi."

Sufeto ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta a nan. Tsohon ya goge gizagonsa, ya rataye shi a mazauninsa, ya ɗauki hularsa.

A ƙofar ofis suka yi kiciɓis da Malang ana sakinsa. Nyima tana tsaye da ƙwaryar shinkafar sadaka a kanta. Ta dubi Malang, ta dubi tsohon da ya wanke mata miji da safe.

"Kawu, me ya kawo ka nan?"

Kekuta ya cire hularsa, ya nufi ƙofar. Sufeto ya riƙe masa gwiwar hannu, ya taimaka masa hawa matakala ukun ofishin.