Tsuntsayen Kan Kwalin Sabulu

Mai Sabulu ya gaji kamfanin ubansa da duk tarkacensa: injuna masu tari, ma'aikata masu hamma, da tambari mai bishiya da tsuntsaye huɗu. Tsohon ne ya zana da hannunsa. "Bishiyar kai ne," ya ce masa, "tsuntsayen matarka da 'ya'yanka uku."

Ciniki ya kwanta, sai ya nufi wurin boka, bayan shagon facin taya. Bangon ɗakin ya sha hayaƙi, ƙahonni na rataye, baƙin ruwa na juyawa a tukunya ba mai motsa shi. Wayar boka na caji a gefe.

"Ba na karɓar jini, ranka ya daɗe, an daina yayinsa," in ji boka. "Tambarinka ne ya cika. Rage."

"In rage me?"

"Abin da ba za ka yi kewarsa ba."

"Shi ke nan?"

"Sauran aikin jama'a ne. Duk bakin da ya zagi tambarin, hannunsa zai saya."

Boka ya tsoma kwalin sabulu a tukunyar, ya fito da shi saura tsuntsaye uku a tambarin.

Gari ya ɗauka. "Wa ya soye tsuntsun?" "Tsadar rayuwa ta hau bishiya!" A rediyo har wani malamin jami'a ya kira abin cin amanar tarihi, ya sayi katan biyu a hanyar gida. Sabulu ya ƙare a kantuna. A makon ne autar Mai Sabulu ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba.

Ya gane. Kada wani ya ce bai gane ba. Amma da surutu ya lafa, ciniki ya lafa, da ƙafarsa ya koma wurin boka, tsuntsu bayan tsuntsu. Babban ɗansa ya tafi a hatsarin sabuwar mota, na tsakiya a cikin barci. Matarsa ta zauna bakin famfo tana wanke hannu har fata ta saɓule, tana kiran tsuntsaye su sauko.

Ya sa mai fenti ya mayar da su kan allon kamfani. Fentin ya ƙi kamawa.

"Ba a mayarwa," in ji boka yana duba wayarsa. "Saura bishiyar."

Da safe allon ya wayi gari fari fat. Karon farko jama'a suka yaba: ya yi tsabta, ya dace da zamani. Ba wanda ya zaga, ba wanda ya saya. Mai gadi ne ya tsinci maigidan a ofis, a bushe kamar itace.

Kai mai kwaɗayi, in an ce ka rage wani abu ka samu duniya, tsaya ka tambayi sunansa tukuna.