Dogon Gwangwani da Gajere

Can wani zamani, wata tsohuwa ta cika wa jikokinta gwangwani biyu da kunun gyaɗa, dogo siriri da gajere mai faɗi.

Dela ta fizge dogon. "Dogo ai na babba ne!"

Ƙanwarta Tasalla ta auna da yatsu. Dogon faɗinsa huɗu, tsayinsa goma: huɗu sau huɗu sau goma, ɗari da sittin. Gajeren faɗinsa takwas, tsayinsa biyar: ɗari uku da ashirin. Ta yi murmushi.

Nan da nan kunun Dela ya ƙare. Ta leƙa ciki. "Kaka, yoyo yake yi ne?"

"A'a, Hajiya babba, tsayi kika sha."

Tasalla ta ce, "Miƙo, Yaya, in ɗan sam miki faɗi."