Kaset Ɗin da Ke Ƙarƙashin Katifar Mai Gadi

Da hantsi aka kira Sufeto zuwa ɗakin ajiyar jini na asibiti. An fasa kabad, an sace kaset ɗaya.

Shi dai Sufeto ko wayarsa 'yarsa ce ke saita masa, don haka ya ce a yi masa bayani dalla-dalla. Injiniyar wurin, mace mai kusan shekara arba'in, ta nuna masa wata tsohuwar kwamfuta mai tsarin Unix, wadda farin fentinta ya koma ruwan ƙasa. Mahaifinta ne ya tsara ta da hannunsa shekara ashirin da suka wuce, kuma a cikinta ake da sunayen duk masu ba da jini. Ya rasu kwana tara da suka wuce. Shekaranjiya faifan na'urar ya mutu, aka sa sabo, fanko. Kaset ɗin da aka sace shi ne ajiyar da za a juye a mayar da komai yadda yake.

Sufeto ya leƙa kabad ɗin. An karya kwaɗo, amma ga gidan kaset ɗin nan a mazauninsa, fanko, a rufe tsaf, da lamba ɗaya a jikinsa. Wane irin ɓarawo ne mai ladabi haka?

Ya tambaye ta wa take zargi. Ba ta ɗago kai ba ta ce mai gadi ne kaɗai ke kwana a wurin.

Mai gadin dattijo ne, ya rantse bai taɓa riƙe kaset ba. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya je ɗakin tsohon, ya dawo da kaset a naɗe cikin tsumma, daga ƙarƙashin katifa. Aka sa wa tsohon ankwa, ma'aikata suna kallo.

Sufeto bai ji daɗi ba. Ya juya kaset ɗin, ya ga lamba biyu.

"Baba, me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Amana ce, ranka ya daɗe. Duk wata marigayi yakan ba ni ɗaya, ya karɓi na baya. Ya ce ko gobara za ta cinye ofis, wannan zai tsira. Ya ce kada in gaya wa kowa, ni kuwa bai dawo ya ce in faɗa ba."

Sufeto ya koma ya miƙa wa injiniyar, ya ce ta gwada. Ta karɓa, ta ga rubutun mahaifinta a jikinsa. A gefen kaset akwai ɗan maɓalli da ake turawa don kada a rubuta komai a kansa. Ta duba shi sau uku.

"Bari in tabbatar a kulle yake," in ji ta, "kada in sake."

"Ki sake me?"

 Sai ta buɗe jakarta ta fito da kaset mai lamba ɗaya. Ta ce ranar da ta zo mayar da ajiyar, kanta ba ya tare da ita. Ta manta da maɓallin, ta kuma juya umarnin, sai fankon faifan ya hau kan kaset ya shafe aikin mahaifinta kaf. Kunya ta hana ta faɗa, ta karya kwaɗo da kanta.

"Baban nan shi ya riƙa raka ni makaranta," ta ce, hawaye na zuba. "Na ga an sa masa ankwa, na yi shiru."

Sufeto ya sa aka kwance tsohon, ya bar ta ta gama aikin. Kaset ya yi ta juyawa kusan awa ɗaya, sannan na'urar ta tashi. Sunaye suka dawo, a samansu kuma ga layin da marigayin ya sa ya riƙa fitowa duk lokacin da aka kunna: "Sannu da zuwa. Kin duba maɓallin kaset, 'yata?"

Tausayi ya kama Sufeto ƙwarai, amma rahoton ƙarya laifi ne, dole a tafi da ita ofishin 'yan sanda. Kofur ya buɗe mata ƙofa. Mai gadin ya ɗauki jakarta, ya bi su a baya har bakin mota.