Inuwar Tsohon Rumbu

A wani ƙauye aka yi, kusa da Yako, Turawa ba su tafi ba tukuna. Shekarar ta kuɓuce mini, amma dawa ta nuna a gona, wannan kam ban manta ba.

An idar da magariba, Kande tana kwashe tuwo, mijinta Labaran yana zaune a kan buzu yana ta hamma. Sai dutse ya faɗo tsakar gida. Ƙarami ne, bai fi goro ba. Wani ya biyo, ya daki murfin tukunya. Kaji suka yi tsit a akurki. Labaran ya zagaya bayan danga da sanda, bai ga kowa ba.

Dama barci ya jima da yi masa wuya. Tun da ya yi mako guda yana kwana gadin gona saboda shanu masu ɓarna, dare ya zame masa rana. In gari ya waye sai ya yi ta cin goro don ya iya tsayuwa, azahar na yi ya ja buzu zuwa inuwar tsohon rumbu a bayan gida, ya kwanta har la'asar. Yanzu kuma ga jifa. Da ya fara gyangyaɗi sai ya ji tsakuwa a kan jinka, ƙwas, ɗaya tak, sannan shiru.

Ya sha rubutu. An yi hayaƙi. Ya juya gado ya kalli gabas, ya koma kwanciya tun kafin isha. Abin sai ƙaruwa.

"Malam, ka rufe ido mana," in ji Kande.

"Idon a rufe yake! Kaina ne ya ƙi rufuwa."

Dawa ta fara zuba, tsuntsaye suna ci. Ranar da ya daure ya fita girbi, jiri ya ɗebe shi, magirbi ya tsaga masa ƙwauri. Kowa a gidan ya sani, in bai samu barci ba, abincin shekara a gona zai ƙare.

Rannan da almuru 'yarsu Baturiya, mai shekara goma sha biyu, ta ajiye tsintsiya ta zauna a ƙasa. Ta dubi mahaifinta, ta yi magana da muryar tsohuwa: "Ka tashi mana daga ƙofa."

Aka aika wa Malam Inuwa, masanin irin wannan lalura. Daga Tudun Wada ya zo bisa jaki, ko daga Doguwa, Allah ya fi sani. Ya zauna gaban yarinyar ya yi ta karatu a hankali, har ta fara karkarwa.

"Wace ce ke? Me bawan Allah ya yi miki?"

"Ni ya kamata in kai ƙara, Malam," in ji muryar. "A ƙarƙashin rumbun can nake, da 'ya'yana bakwai. Mu da rana muke barci. Kullum mutumin nan ya zo ya baje a bakin ƙofata, ya yi ta minshari kamar ana niƙa, ya tashi ya tofa mana tuƙar goro. Ba mai runtsawa a cikinmu. Ya cinye mana rana, muka cinye masa dare."

Labaran ya manta da tsoro don takaici. "To yaushe zan yi barcin? Dare kun hana ni!"

"Kai ka fara."

"Me zai sa ki saki yarinyar?" in ji Malam Inuwa.

"Baƙin bunsuru."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Faɗi wani."

Sai muryar ta ce, "Ya bar mana inuwarmu. Kada in ji minsharinsa a ko'ina cikin gidan nan muddin rana na sama. Goro kuma, daga azahar ya haƙura. Ya cika kwana uku, in mayar masa da darensa."

Baturiya ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido tana tambayar ina tsintsiyarta.

Kwana ukun nan sun fi duk na baya wuya. Jifa ya tsaya, barcin bai zo ba. Malam Inuwa ya ce in ya kwanta ya kasa, ya daina juye-juye, ya tashi ya zauna da carbi har ido ya yi nauyi. Da rana Kande tana biye da shi da ƙwaryar ruwa, da ya langaɓe kai ta yayyafa masa.

"Ke da aljanar bakinku ɗaya!"

"Ƙwarai kuwa. Tashi ka ba akuya dusa."

A dare na uku, bayan isha, tana ba shi labarin wanda zai jagoranci gayyar girbi, sai ta ji bai amsa ba. Ta ɗaga fitila. Carbi ya zame daga hannunsa, bakinsa a buɗe.

Ta hura fitilar, ta fita a kan yatsun ƙafa. Ta laluba cikin akurki ta kamo zakara, ta kai shi can bayan danga, ta kife shi da kwando, kada cararsa ta tashi Labaran.