Muryar da Ke Cikin Bango

Ana kiran sallar magariba a Gyaɗi-Gyaɗi sandar rataye kaya da ke ɗakin Mu'azu ta faɗo, kantar da ke samanta ta biyo ta.

Mu'azu ya daɗe yana kallon bangon. Shi fa sana'arsa ke nan, raba ɗaki da farin allon nan na zamani da ake ɗaurawa a kan sandunan ƙarfe, ciki holoƙo. Ko a mafarki ba zai kafa ƙusa a allo zalla ba. Sai ya bi da maganaɗisu ya gano inda ƙarfen yake, sannan ya murɗa ta ta kama. To ga ƙusoshin nan a ƙasa, an warware su an jera, allon ko ƙwarzane babu.

Rigunan Hasana ne a sandar, 'yarsu tilo da zazzaɓi ya ɗauke wata bakwai da suka wuce. Matarsa Kulu ta ƙi a bayar da ko ɗankwali, shi ya sa ya yi musu wurin.

Sau uku yana ɗaurawa, sau uku ana warwarewa. Daga nan Kulu ta daina girki, ta daina cin abinci. Rana na faɗuwa sai ta manna kunne a bango tana murmushi, har ta rame ta zama abin tausayi. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi tana magana da muryar tsohuwa, Mu'azu ya hau adaidaita ya ɗauko Malam Sidi mai ruƙiyya daga Tarauni.

Malam bai yi nisa da karatu ba Kulu ta sandare.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mazauniyar cikin bango ce," muryar ta amsa. "Ƙusoshinsa suna suka na. Ita kuwa tausayinta na ji, nake ara mata muryar 'yarta."

"Tausayin da ya hana ta abinci? Fita za ki yi."

"A cire sandar, a bar ni, kullum za ta ji ta. In na tafi, da muryar zan tafi."

Malam ya waiwayo ya dubi Mu'azu. Sai bakin Kulu ya motsa, wata siririyar murya ta fito, har da 'yar shaƙewar nan ta mura da ba ta rabuwa da yarinyar.

"Abba, kar ka kore ni."

Wallahi muryar 'yarsa Mu'azu ya ji sak. Ya san ba ita ba ce, Hasana tana inda ya kwantar da ita da hannunsa. Amma wata bakwai ba wanda ya ce masa Abba. Ya dubi ƙasusuwan wuyan matarsa, hawaye na zuba.

"Malam, ci gaba."

Kulu ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Washegari ya yi bisimilla ya mayar da sandar, ta kama daram. Da magariba Kulu ta manna kunne a bango, ta daɗe, sannan ta juyo.

"Abban Hasana, an ce kai ma ka ji ta jiya. Me ta ce maka?"

Ya gyara wuyan wata 'yar riga mai ruwan hoda a kan sandar.

"Ta ce ki ci abinci."